Hannun Famfo

Shirun ne ya tashe shi. Toktosun ya buɗe ido, ya kasa kunne wajen kicin, bai ji komai ba. Duk wanda ya taɓa yin hunturu a ƙauyukanmu na kan duwatsu bayan garin Narin ya san wannan shirun, ba sai an yi masa bayani ba. Daga ranar da sanyi ya kama har zuwa narkewar ƙanƙara ba a rufe famfo ruf. Barinsa ake yi yana zuba siriri kamar zare, dare da rana, don kada ruwan ya tsaya ya daskare a cikin bututu. Gidan da ka shiga ba ka ji wannan ɗan sautin ba, to ka fara yi wa masu shi jaje.

Ya daɗe a kwance yana kallon rufin ɗaki. Bai yi mamaki ba, bai kuma yi fushi ba. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta. A gefensa matarsa Burul na ta barcinta hankali kwance, hannu ɗaya a ƙarƙashin kumatu. Ita ta rufe. Ya ji tashinta, ya ji ta murɗa, ya ce a ransa bari ta koma ta kwanta sai ya je ya buɗe kamar kullum. Daga nan bai ƙara sanin inda kansa yake ba.

Kuma duk cikin ranakun Allah, yau ce 'yarsu Jipar za ta zo daga birnin Bishkek.

Wancan karon da bututun ya daskare, sai da suka yi kwana da kwanaki ba ruwa. Toktosun ya ɗauki gatari da bokiti biyu ya gangara rafi, ya fasa ƙanƙara ya ɗebo, a hanyar dawowa santsi ya kwashe shi ya faɗi a kan haƙarƙari. Bai gaya wa kowa ba. Amma ƙauye ne. Kafin ya ƙaraso gida yana ɗingishi, matar maƙwabci ta riga ta buga wa Jipar waya. Jipar ba ta yi ihu ba, da ma halin uwarta ta ɗauko, na yanke magana sau ɗaya. Ta ce, "Ata," haka muke kiran uba, uwa kuma Apa, "in bututun nan ya sake daskarewa, zan zo in ɗauki Apa. Ba zan zauna ina jiran ranar da za a ce an tsince ka a bakin rafi ba, ita kuma tana ɗaki ita kaɗai da wuta a murhu." Ya san inda za a kai ta: ɗaki biyu a saman bene, miji da mata duk masu fita aiki, ƙofa a kulle tun safe har magariba. Shi kuwa ba shi da wuri a can, ga tumaki ga saniya. Shekara hamsin da ɗoriya ba su taɓa raba makwanci ba sai in haihuwa ta kai ta asibiti.

Ya tashi da ƙyar, gwiwoyi na ƙara. A kicin ya buɗe famfon har ƙarshe. Ko tari bai yi ba. Rabin duron da ke ƙarƙashinsa, wanda yake tara zaren ruwan don dabbobi, ɗan kaɗan ya samu kafin a rufe. Ya hura wuta da busasshen kashin tumaki, ya zuba kwal a kai, ya raba ruwan biyu: rabi ya kai wa saniya, rabi ya ɗora a babbar tukunya. Tumaki yau sai dai su lashi dusar ƙanƙara, ba za ta kashe su ba.

Yana dawowa ya tarar Burul ta tashi, ta ɗaura ɗankwalinta tsaf, tana zaune a bakin tebur. Ta dube shi da fara'a.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Ka sha hanya cikin wannan sanyi. Zauna, zauna kusa da wuta."

"Na gode."

"Mai gidan ya fita, amma yanzu zai dawo."

"Zan jira shi," in ji Toktosun, ya zuba mata shayi da madara, ya gutsura mata gurasa ya shafa man shanu.

Haka suke kwana, haka suke tashi. Gigin tsufa bai zo mata da hayaniya ba. Ɗaya bayan ɗaya ya yi ta kwashe mata abubuwa: sunayen jikoki, hanyar gidan ƙanwarta, yawan raka'ar la'asar, daga ƙarshe har shi kansa. Ba ta taɓa korarsa ba. Baƙo ta ɗauke shi, Burul kuwa ba ta wulaƙanta baƙo. Wallahi da zaginsa take yi da ya fi masa sauƙi.

Abin da gigin bai taɓa ba shi ne ruwa. Tun tana amarya a gidan nan ita ke gangarawa rafi da sanda a kafaɗa, bokiti gaba bokiti baya, ta fasa ƙanƙara ta ɗebo wa surukai da dabbobinsu, har da cikin Jipar a jikinta. Sai da furfura ta fito mata aka kawo famfo ƙauyen. Da tana da hankalinta ta san dalilin barin zaren, tana barinsa tana mita. Yanzu dalilin ya tafi, nauyin sandar nan kaɗai ya rage a kafaɗarta. In ta ga ruwa na zuba ba mai tara, sai ta rufe.

Ya san inda matsalar take ko ido a rufe. A baranda ne, inda bututun ya fito daga ƙasa ya yi gwiwa ya shiga bango. Ya kwance tsohon bargon gashin tumakin da ya naɗe shi da shi, ya taɓa, sanyin ya kama masa yatsu kamar cizo. Ya naɗa tsummoki, ya fara daga jikin bango yana bin bututun baya, don daga wajen bakin famfo ake farawa, in ba haka ba ruwan da ya narke ya rasa hanya ya fasa maka bututu, ka koma neman mai gyara a Narin. Ya ɗebo ruwan zafi a buta ya tsiyaya a hankali. Tururi ya tashi ya rufe masa fuska. Kafin ya je ya dawo da buta ta biyu tsumman ya sandare, ruwan da ya zuba a ƙasa ya zama ƙanƙara a ƙarƙashin gwiwarsa.

Ruwan tukunya ya ƙare, ya koma kan dusar ƙanƙara. Wannan kuwa aikin ban haushi ne: ka cika tukunya fal ka danna, ta narke ta bar maka abin da ba zai ishi alwala ba. Ya ɗebo, ya narkar, ya tafasa, ya tsiyaya, ya koma. Haƙarƙarin da ya bugu na tuna masa da kansa a kowane sunkuyo. Rana ta fito ƙal a kan duwatsu, amma ba ta zo da komai ba sai haske.

"Toko! Kai Toko! Ka mutu ne ko in shigo?"

Mukash ne, maƙwabcinsa, sa'ansa, tsohon direban tarakta, mijin mai buga wayar nan. Ya turo ƙofar baranda, gashin bakinsa ya yi fari da ƙanƙara, a hannunsa ga fitilar gas mai feso wuta da yake ji da ita kamar 'yar auta.

"Tun daga gida na hango tururi na ce shi ke nan, tsohon ya buɗe gidan wanka bai gayyace ni ba."

"Ajiye wannan abar a waje."

"Kai dai matsa ka gani. Ƙiftawa da bismilla."

"Bututun roba ne, Mukash. So kake ka narkar min da shi yadda ka narkar da naka bara?"

"Wancan ai iska ce ta kaɗa wutar."

"A cikin ɗaki?"

Mukash ya yi dariya har da tari, ya ajiye fitilar, ya tsuguna ya karɓi butar. Suka yi ta yi, ɗaya na tsiyayawa ɗaya na matsa tsumma. Can Mukash ya leƙa ta ƙofar kicin, ya ga Burul na ninke tawul ɗaya tana warwarewa tana sake ninkewa. Ya yi ƙasa da murya.

"Ita ce dai?"

"Ni ne. Barci ya sace ni."

"Toko, don Allah ka daina wahalar da mu. Sau nawa zan gaya maka? Sukuru ɗaya ne ya riƙe hannun famfon nan. Ɗaya tal! Ka saita zarenka, ka kwance sukurun, ka zare hannun ka jefa aljihu. Ta zo ta yi ta laluba har bazara. Kai da ka iya haɗa injin yankan ciyawa da waya da addu'a, wannan ne ya gagare ka?"

"Sukurun ya yi tsatsa."

"Tsatsa! Kai ne dai ka yi tsatsa."

Toktosun ya miƙe ya tafi ɗebo dusar ƙanƙara. Sukurun lafiyarsa lau. Abin da ba zai iya gaya wa Mukash ba, don Mukash zai gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa duniya, shi ne wannan: duk lokacin da Burul ta kama hannun famfon nan ta murɗa har ta ji ya tsaya, sai ta dawo hayyacinta. Ta juyo da tsohuwar muryarta, mai kaifin nan, ta kira shi yadda ta saba kiransa tun haihuwar fari, don matan zamaninta ba sa kama sunan miji. Ta yi masa faɗa son ranta. Daga nan, kafin ka sha rabin kofin shayi, ta sake tafiya. A farkon hunturu ya taɓa kifa gwangwani a kan hannun ya ɗaure da waya. Ta zo ta tsaya tana kallon ruwan kamar a gidan mutane, ba ta kira kowa ba. Kwana biyu ya iya jurewa, ya cire gwangwanin. Kunya yake ji, tsoho kamarsa, a ce yana jefa gida cikin wahala don a yi masa faɗa. Amma abin da ya rage masa ke nan.

Ya yi lissafin Jipar ba za ta iso ba sai bayan la'asar, ga hanyar dutse ga santsi. Ashe motar farko ta samu. Ko azahar ba a kira ba ya ji an buga ƙyauren waje, ya ji takun takalmi a kan dusar ƙanƙara. Ya so ya tashi ya kwashe tsummokin, gwiwa ta ce ba da ita ba. A durƙushe ta same shi, buta a hannu, wandonsa ya jiƙe ya sandare.

Ta tsaya a bakin ƙofa da jakunkuna biyu. Ta kalli tsummoki, ta kalli ƙanƙarar da ta malale baranda, ta kalli hannayensa da suka yi jawur suka tsattsage.

"Ata."

"Kin iso lafiya, 'yata? Ya hanya?"

"Tun yaushe?"

"Ɗazu-ɗazun nan. Abu kaɗan ne, ya kusa."

"Kawu Mukash, tun yaushe?"

Mukash ya sosa ƙeya ta cikin hula. "Ni dai na zo na tarar. Kin ƙara haske, Jipar, birni ya karɓe ki."

Ba ta kula shi ba. Ta wuce ciki, Toktosun ya dafa bango ya bi ta. Ta durƙusa gaban uwarta, ta kama hannayenta ta sumbata.

"Apa, na zo."

"Maraba, maraba. 'Yar gidan wa ce ke? Ji hannunki sanyi ƙalau. Bawan Allah, a ba baƙuwa shayi mana."

Jipar ta saba da haka. Ta miƙe, ta cire safar hannu, ta yi magana ba tare da ta dubi ubanta ba.

"Direban da ya kawo ni gobe da safe zai koma. Na ce ya rage min kujera biyu in na kira shi. Ina akwatin Apa?"

"Jipar, ki zauna ki huta tukuna."

"Ata, na gaji. Kullum na ji an ce sanyi ya ƙaru a Narin ba na barci. Ina wurin aiki hankalina na bakin rafi. Kai ma ka gaji, dubi yadda kake tsayuwa. Me muke jira? Sai an kira ni jana'iza?"

"Ai ni na ce masa," in ji Mukash daga baranda, shi da bakinsa ba ya riƙe ruwa. "Sukuru ɗaya ne. A cire hannun famfon a huta, ba ta da abin murɗawa. Tun kaka nake faɗa."

Jipar ta juyo a hankali. "Tun kaka?"

Toktosun ya sunkuyar da kai.

"Ata, akwai maganin abin tun kaka, ka bari ka faɗi a rafi? Me ya sa? Dube ni mana. Me ya sa?"

Famfon ya yi tari. Ya sake yi, ya girgiza, ya tofo ruwa ja mai tsatsa, sannan ya ɓalle da ƙarfi yana dukan gindin duron. Mukash ya yi kabbara daga baranda kamar shi ya haƙa rijiyar. Toktosun ya isa wurin, ya bari jan ya wuce, ya rage shi har ya zama zare.

Kujera ta yi ƙara a bayansu. Burul ce ta miƙe. Ta ratsa tsakaninsu ba ta ce wa kowa sannu ba, ta kama hannun famfon ta murɗa, ta ƙara murɗawa har jijiyar hannunta ta fito. Sannan ta juyo, ta riƙe ƙugu.

"Kai baban Jipar! Wai kai wane irin mutum ne? Sau nawa zan ce maka ka rufe famfo? Kai ka ɗebo shi? Ka taɓa sa sanda a kafaɗarka? Dubi wandonka don Allah, kamar wanda ya kwana a rafi. Je ka canza kafin ciwon ƙirjin nan naka ya tashi, ni ce da wahala."

"To, tsohuwa," ya ce. "Yanzu zan canza."

"Kullum yanzu."

Jipar na tsaye ba ta motsa ba. Rabon da ta ji sunanta a bakin uwarta har ta manta. Ta kalli ubanta, ta ga fuskarsa ta saki, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir, sai ta gane ba sai ya faɗa ba. Ta matso da sauri.

"Apa, ga ni. Ni ce Jipar."

Burul ta dube ta, ta ɗan yamutsa goshi, sunan ya zo dab da bakinta. Sai ya wuce. Ta saki ƙugu, ta gyara ɗankwali.

"An ba ki shayin kuwa, baƙuwa?"

Mukash ya ɗauki fitilarsa ya sulale, a karo na farko a rayuwarsa bai yi sallama da dogon bayani ba. Jipar ta fita baranda ta rufe ƙofa. Toktosun ya buɗe famfon ya mayar da zaren, ya canza wando kamar yadda aka umarce shi, ya yi azahar a zaune. Da ya fito ya same ta tana naɗe bututun da bargon, tana ɗaurewa da igiya, idanunta sun yi ja. Ya tsaya a kanta.

"Sau nawa take yi?" ta tambaya.

"Wata rana sau biyu. Wata rana sau uku, in na yi sa'a."

Ta ja igiyar ta ƙulle. "Ata, ba zan iya tafiya in bar hannun nan a jiki ba. Ka yi haƙuri. Wata rana barcin zai sake ɗauke ka, kuma Kawu Mukash ba kullum zai hango tururi ba. In hannun ya fita, Apa ta zauna. In ya zauna, in tafi da ita. Ba zan cire da hannuna ba, wallahi ba zan iya ba. Kai za ka zaɓa."

Bai yi mata gardama ba, don gaskiya ta faɗa, ƙarfin gardamar ma babu. Ya koma kicin ya zauna a kan ɗan benci yana kallon famfon. A saman bene ba a barin zare, ba mai murɗa komai, ba kuma wanda zai gutsura mata gurasa da safe ya zauna jiran mai gida tare da ita. Can za ta rasa faɗan ta kuma rasa gidan. A nan aƙalla za ta farka ta ga dutsen da ta saba gani ta taga. Shi ne dai zai biya.

Ya jawo akwatin kayan aiki daga ƙarƙashin tebur, ya ɗauko sukudireba. Ya so ya bari ta sake murɗawa sau ɗaya, ya ji na ƙarshe. Ya san in ya jira na ƙarshe zai jira wani na ƙarshen. Ya saita zaren daidai, bai yi kauri ba bai tsinke ba, ya sa sukudireba. Sukurun ya kwance cikin sauƙi, ko gardamar kunya bai yi ba. Ya zare hannun, ƙarfen ya yi sumul saboda shekarun murɗawa, ya sa shi a aljihun 'yar shararsa na ƙirji.

Jipar ta kira direba ta ce kujera ɗaya. Ta dafa musu miyar nama da dankali, ta wanke kayan da suka taru, ta share ƙanƙarar baranda. Toktosun ya kai wa tumaki ruwa, suka yi ta turereniya a kan kwami.

Bayan la'asar yana zaune kusa da murhu, barci na fizgarsa, ya ji kujera ta yi ƙara. Burul ta nufi famfon. Jipar ta tsayar da wanke-wanken da take yi. Tsohuwar ta kai hannu, yatsunta suka rufe a kan iska. Ta laluba sama, ta laluba gefe, ta taɓa ɗan guntun ƙarfen da ya rage ta saki. Ta daɗe a tsaye tana kallon ruwan na sauka cikin duro. Toktosun ya dafe aljihunsa, yana jira, duk da ya san abin da ke zuwa.

Ta juyo, ta dube shi cikin ladabi, har da ɗan rusunawa.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri. In ka ga mai gidan nan, don Allah ka gaya masa famfonsu na zuba."

"To," in ji Toktosun. "Zan gaya masa."